Fetur a Akwatin Gawa

Royce Vandermolen mijin yayata Darlene ne. Shekara tara muka yi muna aiki a gareji ɗaya a garin Marion, jihar Ohio, shi yana kan injin, ni ina kan birki da walda. A shekarar 1982 yana da talatin da takwas, ni kuma ashirin da tara. Mutum ne mai dariya da dukan jikinsa. In ya shiga wuri sai ka ji kamar an kunna rediyo, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya mota kamarsa ba.

A lokacin ana yayin finafinan nan na ban dariya, waɗanda 'yan sanda ke bin masu tseren mota daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Motar 'yan sanda ta faɗa tafki, wata ta hau kan wata, wani ƙaton jami'i ya fito ya jefar da hularsa ƙasa yana tattaka ta. Mota ta wuntsila sau huɗu, direban ya fito ya kakkaɓe wando ya gyara gashi. Akwai wanda Royce ya kalla sau goma sha ɗaya a silimar fili ta bayan gari, inda ake kallo daga cikin mota. Ya haddace maganganun ciki har ya ishe mu da su a gareji.

Wata rana ya shigo da takarda a hannu yana kaɗa ta.

"Lonnie, ajiye wutar nan ka zo ka gani. Na gaske ne, ba na fim ba. New York zuwa California, ba tsayawa."

"To mu ina ruwanmu?"

"Na sa sunanmu."

"Sunanka dai."

"Haba ƙanin matata, wa zai riƙe min taswira? Darlene? Ita da ke ɓata a kasuwa?"

Doka a lokacin mil hamsin da biyar ce a awa, ko'ina a ƙasar. Wanda zai ci tseren nan sai ya yi kusan ninkinta, awa talatin da wani abu ba sauka daga titi, don haka kowa yakan nemi dabarar da zai yaudari 'yan sanda. Dabarar Royce motar ɗaukar gawa ce. Ya samo wata baƙa doguwa daga wani gidan shirya jana'iza da ya rufe, ya cire injinta ya sa wanda ya ninka shi ƙarfi. Ni na canja birki da tayoyi. Ni ne kuma na ƙera tankin galan sittin na zaunar da shi cikin akwatin gawa na katako mai sheƙi, na ja tiyo ta ƙasa zuwa injin, na sa makunnin famfon man a ƙarƙashin kujerata don in riƙa juyawa daga wannan tanki zuwa wancan. Muka rubuta sunan ƙarya a ƙofa da ruwan zinare, Halloran da 'Ya'yansa.

Darlene ta sayo mana baƙaƙen kwat na gwanjo ta rage musu hannu. Ranar da muka gwada, ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin.

"Ku dube su don Allah. Wa zai ba ku gawar karensa ma?"

Ta cika mana jaka da burodi da cuku, da dafaffen ƙwai, da fulas biyu na kofi. A bakin ƙofa ta ja ni gefe ta ce, "Ka kula min da shi, ka san ba ya jin magana." Na ce to.

Mota ashirin da uku muka tashi daga wani garejin otal a New York, ana sakin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu mata da miji da suka sa kayan amarya da ango, wai sun makara ɗaurin aure. Akwai likitocin haƙori biyu da wata jar mota ta Italiya wadda kuɗinta ya fi na garejinmu. Da muka fito daga baƙar motarmu muna tafiya a hankali, hannu a haɗe, fuska a murtuke, sai wurin ya kaure da tafi. Kyautar da ake wa wannan wahala duka wani lanƙwasasshen wilin taya ne da aka fesa wa fenti ruwan azurfa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin rabin farko na tafiyar. Motoci na ganinmu a madubi sai su kauce su ba mu hanya. A Missouri, da hantsi, wani ɗan sanda ya tare mu muna kan ɗari da biyar. Royce ya sauke gilashi a hankali, ya sauke murya.

"Yallaɓai, ka yi mana aikin gafara. Tsohon soja ne muka ɗauko. Ƙarfe biyu za a binne shi, uwarsa na can tana jira, shekararta casa'in da ɗaya."

Ɗan sandan ya leƙa baya ya ga akwatin da furen roba a kai. Ya cire hula. Ya ce mu bi bayansa, ya kunna jiniya ya raka mu har iyakar yankinsa. Da ya juya, Royce ya dinga dukan sitiyari yana ihu, hawaye na zubo masa. Ni ma na yi dariya har cikina ya ƙulle.

A Oklahoma ya kamata in karɓi tuƙi. Ya ƙi.

"Kai kana tuƙi kamar mai kai ƙwai kasuwa. Bari sai mun wuce Texas."

Awa goma sha tara ke nan yana riƙe da sitiyari. Ƙwayoyin hana barci irin na direbobin tirela yake haɗiya da kofi mai sanyi, idanunsa sun yi ja, bakinsa bai daina surutu ba. Na yi masa magana sau biyu, ya mayar da ita wasa, na ƙyale shi.

Bayan mun shiga Texas muka ji a oba-oba direbobin tirela na faɗa wa juna cewa 'yan sanda sun yi dafifi kafin Amarillo, har sun kama jar motar likitocin haƙori. Ni na duba taswira. Ni na nuna masa wata ƙaramar hanya da ke zagayawa ta arewa, ta cikin gonakin alkama. Hanya ce mai hannu biyu, ɗaya na masu tafiya ɗaya na masu dawowa, kuma mun yi mil ashirin a kanta ba mu gamu da ko keke ba.

La'asar ta yi sakaliya, rana ta sauko daidai gilashinmu. Allurar gudu na kan ɗari da goma sha biyar. Muka tunkari wata kwana kusa da wani rumbun hatsi na ƙarfe, Royce bai ɗaga ƙafa daga totur ba, ya yanke kwanar ta ɗaya hannun kamar yadda ya yi ta yi tun safe. Sai ga wata koriyar a-kori-kura a gabanmu. Na ga fuska biyu. Direbanta ya murɗe sitiyari dama, muka wuce su da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba.

Na juya. Ta gilashin baya, ta saman akwatin, na ga motar ta bar titi, ta wuntsila sau biyu, ta tsaya a kan gefenta.

"Tsaya," na ce.

"Ba mu taɓa su ba."

"Royce, tsaya."

"Ba mu taɓa su ba na ce maka! Ko fenti ba mu goge ba. Wani zai zo."

"Wa zai zo? Wa ka gani tun da muka shigo hanyar nan?"

"Lonnie, mu ne na biyu yanzu. Na biyu! Ka san abin da za su yi mana in muka koma?"

Na sa hannu ƙarƙashin kujera na kashe famfon mai. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Motar ta yi ta gangarawa shiru har ta tsaya. Royce ya zage ni, ya zagi ranar da ya auri yayata. Sannan ya kifa goshi a kan sitiyari ya ce, "Kunna." Na kunna, ya juya mota.

Wani dattijo muka tarar zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, jini na bin gefen fuskarsa, yana laluben tabarau a cikin ciyawa. Daga baya na san sunansa Orville Tackett, manomi ne, shekararsa sittin da takwas. Matarsa Nadine motar ta wurgo ta waje, tana kwance kusa da shingen waya. Ko'ina ja ne, a kan rigarta, a ciyawa, a jikin motar. Sai da na durƙusa na ji ƙamshi na gane tumatir ne. Kwalaben tumatirin da ta dafa ta adana ne suka farfashe, za ta kai wa wata ƙawarta. Ita kanta ba wani rauni a bayyane, sai dai fuskarta ta yi fari fat, tana numfashi sama-sama.

Dattijon ya ɗaga kai ya ga motarmu, ya ga baƙaƙen kwat ɗinmu.

"Har kun iso?" ya ce. "Ai ba ta mutu ba. 'Ya'yana, ba ta mutu ba tukuna."

"Wucewa muke yi, Baba," in ji Royce. Muryarsa ba ta ko girgiza ba. "Ina asibiti mafi kusa?"

"Me ya faru? Ni ne na fita daga hanya?"

"Baba, asibiti."

Mil arba'in da biyu ne. Muka kwance ƙofar bayan a-kori-kurar muka ɗora ta a kai, muka shigar da ita gefen akwatin. Wurin ya yi ƙunci, sai da na matse a tsakanin akwatin da bangon mota, na riƙe kanta a cinyata. Orville ya zauna gaba inda nake zama.

Ban taɓa ganin Royce ya yi tuƙi irin na ranar ba. Ko rami ɗaya bai faɗa ba, ko birki bai taka da ƙarfi ba, amma ina jin injin na kukan da bai yi ba tun daga New York. A gefen kunnena fetur na kai da komo cikin akwatin. Akwai gilashi tsakanin gaba da baya, don haka ba sa jin mu.

Ta buɗe ido ta dube ni. Idanunta garau suke.

"Baƙar mota," ta ce. "Ku ne."

Na kau da kai.

"Na gan ka. Kai ne a gefe."

"Ni ne, Mama."

Ta kalli rufin motar. Can ta ce, "Wannan mamacin naku warin fetur yake yi." Sannan ta tambaye ni ko kwalaben duk sun fashe. Na ce wasu sun tsira. Ƙarya ce. Ta ce Orville bai sha maganinsa na yamma ba, yana cikin jakarta, in tuna masa. Ta riƙe yatsuna biyu. Muna hango tankin ruwan garin da asibitin yake na ji riƙon ya saki. Ban buga gilashin ba, na bar Royce ya ci gaba da gudu. Minti ashirin da ɗaya ya yi.

A asibiti suka karɓe ta da gudu, amma ba su daɗe ba likita ya fito ya ce jini ne ya zuba a cikinta, ko da an kawo ta da wuri da wuya a yi wani abu. Aka ɗinke wa Orville goshi. Wani matashin ɗan sanda ya zo da littafinsa, ya same mu a baranda.

Royce ya yi masa bayani tsaf. Gawa muka ɗauko daga Ohio za mu kai Arizona, mun ɓata hanya, muka tarar da mota a kife. Ɗan sandan ya rubuta. Ya tambayi Orville abin da ya tuna.

"Ba komai," in ji dattijon. "Mun tashi daga gida, tana min faɗa a kan na manta ban rufe kaji ba. Sai na gan ni a ƙasa." Ya dubi hannuwansa. "Gyangyaɗi na yi. Ta sha gaya min in daina tuƙi da yamma. Gyangyaɗi na yi na kashe ta."

Ɗan sandan ya juyo gare ni. "Haka kuka same su, ba wata mota a wurin?"

Royce na tsaye a bayansa yana kallona.

"Haka ne, yallaɓai," na ce.

Ya karɓi lasisinmu ya kwafi suna da adireshi. Ya leƙa motar ta gilashi, bai ce a buɗe akwatin ba. Ya ba mu hannu, ya ce da ana samun irinmu a hanya da duniya ta yi kyau.

Muna shirin tafiya Orville ya biyo mu waje, da takalmin asibiti a ƙafa ɗaya. Ya kama hannun Royce da hannuwansa biyu.

"Mista Halloran, ina roƙon alfarma. A garinsu take so a binne ta, kusa da mahaifiyarta, mil casa'in ne daga nan. Ku nake so ku kai ta. Ku kuka ɗauko ta da rai, ban yarda da hannun kowa ba."

"Baba, da mun so," in ji Royce. "Amma ka ga muna da wani a ciki, danginsa na jira."

"Haka ne. Haka ne, ku yafe ni. Na ma tsayar da ku." Ya juyo ya dafa kafaɗata. "Ta yi magana a mota?"

"Ta ce ka sha maganinka. Yana cikin jakarta."

Ya gyaɗa kai, ya koma ciki yana jan ƙafa.

A wurin ajiye motoci Royce ya duba agogo. Ya ce awa uku muka rasa, in muka tashi yanzu za mu iya shiga goman farko. Na cire kwat ɗin na ajiye masa a kan bonet, na tambayi wata nas hanyar tashar bas. Kwana biyu na yi kafin in isa Marion. Shi ya ƙarasa shi kaɗai, ya zo na goma sha huɗu. A liyafar da suka yi a bakin teku ya ba su labarin yadda ya sadaukar da tserensa don ceton wata tsohuwa, aka ɗaga shi sama. Da ya dawo gida Darlene ta yi kuka don alfahari. Ni kuma aka ce zuciyata ce ba ta da ƙwari, na ga mutuwa na tsorata.

Na yi wata bakwai ina jin labarin nan a gareji, kowane kwastoma sai an ba shi. Daga nan na tattara kayan aikina na koma Toledo, na shiga wani kamfanin gyaran tireloli. Na yi aure, ba mu daɗe ba muka rabu. Matar ta ce zama da ni kamar zama da wanda ke jiran a kira shi ne.

Kirsimetin farko kati ya zo daga Texas, ta gidan mahaifiyata. Orville ya karɓi adireshina wurin ɗan sandan. Rubutunsa manya-manya ne, a karkace. Ya gode mini, ya ce a gaida Mista Halloran. Ya ce ya mayar da lasisinsa, ba zai ƙara taɓa sitiyari ba. A shekara ta biyu ya ce ya sayar da gonar, domin manomin da ba ya tuƙi ba manomi ba ne. A ta uku ya koma ɗaki ɗaya a cikin gari, kusa da 'yarsa Paulette. Ya rubuta cewa tana kawo masa abinci kowace rana, amma ba ta zama, kuma bai ga laifinta ba. Kowane kati sai ya sa maganar gyangyaɗin nan a ciki. Ban taɓa ba shi amsa ba. Na sha ɗaukar biro, in rubuta "Zuwa ga Mista Tackett," in tsaya nan.

A shekara ta shida kati bai zo ba. Sai a watan Maris wasiƙa ta zo daga Paulette. Ta ce an kai mahaifinta gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama shi, amma yakan ambaci samarin nan biyu masu baƙar mota. Ta ga adireshina cikin takardunsa, ta ga ya kamata in sani.

Na yanke shawarar zuwa Texas, amma kafin in tafi na biya ta Marion. Na sami Royce ƙarƙashin wata mota, ya yi ƙiba, gashinsa ya fara zubewa. Na gaya masa inda za ni da abin da zan faɗa. Ya fito ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa.

"Me zai gyara?" ya ce. "Za ta tashi ne?"

"Shekara shida yana cewa shi ya kashe ta."

"To ai ya manta yanzu, ba ka ce ya manta ba? Allah ya sauƙaƙa masa, kai za ka je ka tono." Ya matso kusa. "Kana tsammanin ni ina barci? Kana tsammanin don ina dariya ban san abin da na yi ba? Ina da 'ya'ya uku, Lonnie. 'Ya'yan yayarka ne. Ka tuna wa ya zaɓi hanyar, ka tuna wa ya ce wa ɗan sanda haka ne."

"Na tuna."

"To ka je. Ni dai ban ga komai ba sai mota a kife."

Kwana uku na yi a hanya. Gidan tsofaffin dogon gini ne mai hawa ɗaya, yana warin maganin goge ƙasa da dafaffen kabeji. Paulette ta tarye ni a ƙofa. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, malamar firamare, da idanun uwarta sak. Ta rungume ni, ta ce ta daɗe tana son ta gode mini baki da baki.

Orville na zaune bakin taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya rame har zobensa na yawo a yatsa.

"Baba, ga Mista Prewitt. Wanda ya kai Mama asibiti."

Ya dube ni da fara'a. "Kai ne mai gyaran famfo? Tun jiya yake ɗiga."

Na durƙusa gabansa na gaya masa. Na ce bai yi gyangyaɗi ba, mu ne muka shigo hannunsa a guje, shi kuwa ya kauce ne don kada mu haɗu, kuma ba don ya kauce ba da dukanmu huɗu mun ƙone a wurin. Na faɗa a hankali, na maimaita. Yana ta gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin farashin alkama. Da na gama ya ce, "Madalla. In ka ga Nadine a waje ka ce ta shigo, sanyi ake yi."

Ban san lokacin da Paulette ta zauna a bakin gado ba. Ta ce in biyo ta waje. A baranda ta sa na sake faɗa mata daga farko, tseren, akwatin, kwanar, komai. Ba ta katse ni ba. Ba ta yi kuka ba.

"Ka san abin da na ce masa ranar jana'iza?" ta tambaye ni. "A gaban fasto, a gaban 'yan'uwansa. Na ce taurin kanka ya kashe min uwa. Bai musa ba, ya ce haka ne." Ta ja numfashi. "Shekara uku ina ajiye masa kwano a bakin tebur ina fita. Yana cewa Paulette zauna mana, in ce ina sauri. Da ka rubuto layi ɗaya, ko ba suna. Ko bara ma da ka zo, da ya gane ni in na ba shi haƙuri. Yanzu wa zan ba?"

"Ban da abin cewa, Madam."

"Ban tambaye ka ba. Kar ka bar garin nan, ofishin 'yan sanda za mu je."

Muka je. Matashin ɗan sandan nan ya zama babba, kuma ya tuna ni. Ya ɗauki bayanina shafi huɗu, bai ƙara ba ni hannu ba. Na kwana biyu a wani ƙaramin otal ina jiran a zo a kama ni, ba wanda ya zo. Daga baya lauyan gwamnati ya ce shekaru sun ja, ba shaida sai bakina, motar gawar tuni an sayar da ita ga masu narka ƙarfe, Royce kuma da aka tuntuɓe shi ya ce ƙanin matarsa ya daɗe ba shi da lafiyar kai. Aka rufe maganar.

Ranar da zan tafi na koma gidan tsofaffin, amma ban shiga ba. Daga cikin mota na hango su ta taga. Ta jawo kujera kusa da shi tana yanke masa farce, tana magana, shi kuwa yana kallon wani wuri daban.

Orville ya rasu a farkon shekarar da ta biyo baya. Ɗan sandan ne ya aiko mini da guntun jaridar garin, ba tare da ya rubuta komai ba. Royce ya daina ba da labarin, haka na ji, amma bai bar garejin ba sai da ciwon zuciya ya kwantar da shi. Darlene ta kira ni sau ɗaya bayan 'yan sanda sun je gidansu. Ta ce ko gaskiya na faɗa ko ƙarya, ba ta son sani, kada in sake taka ƙofarta.

Ban ƙara ganinta ba sai a 1994, wurin binne mahaifiyarmu. Muka tsaya gefe da gefe a bakin kabari, 'ya'yanta sun zama manya, ƙaramin ma bai san ni ba. Da aka watse ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka tsufa." Na ce ita ma. Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai babban ɗanta ya danna mata hon, ta juya ta nufi mota.